Garejin da ya gyara min jikin tsohuwar Marsandi W123: walda sai yabo, lissafin kuɗi sai haƙuri

Ga masu son jin ƙarshen zance tun farko: garejin nan sun iya ƙarfe, mai waldarsu ban taɓa ganin irinsa ba, fentinsu ma ba laifi, amma wajen lissafin kuɗi da cika alkawari da adana kayan mutane sai dai a ce Allah ya kyauta. In taurari biyar ake bayarwa to uku zan ba su, kuma biyu daga cikin ukun na dattijon mai waldar ne shi kaɗai. Ba zan kama sunan wajen ba tunda mun riga mun sasanta, amma abin da ya faru kam zan faɗa yadda yake, saboda duk mai shirin tayar da tsohuwar mota irin wannan hanyar zai bi, ko a ina yake.

Motar Marsandi ce 230E ƙirar 1982, wato cikin jerin W123 ɗin nan da aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986, sun fitar da wajen miliyan 2.7, shi ya sa har yau kusan duk ƙasar da ka je sai ka ga ɗaya tana lallaɓawa. Injin bai taɓa ba ni matsala ba, M102 ne mai lita 2.3, ka ba shi mai ka canza masa baƙin mai a kan kari shikenan kun rabu lafiya. Jikin ne matsalar. Kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne motar nan ba ta da wani shasi daban da aka ɗora jiki a kai irin na manyan motoci, jikin shi ne ƙashin bayanta, saboda haka dogon ƙarfen nan na ƙasan ƙofofi da kake tsallakewa in za ka shiga, in tsatsa ta cinye shi ba maganar ado ake ba, maganar ƙarfin motar gaba ɗaya ake. Tawa kuwa ramukan jak guda huɗun nan biyu sun riga sun ruɓe, har ta kai in an zura jak sai ka ji ƙas ƙas, motar ba ta ɗagu ba ƙarfe ne ke murƙushewa.

Karɓar farko gaskiya sun burge ni. Maigidan wajen da kansa ya zagaya motar, ya ɗaga kafet, ya cire batir ya nuna min ƙarƙashinsa inda ruwan batir ya ci, ya sa yatsa cikin lungun da hannun bonet ke shiga ya zaro ruɓaɓɓen ganye da laka ya ce Yallaɓai ka ga nan, in ramin nan ya toshe ruwa ba shi da hanya sai cikin mota, daga nan yake gangarawa ƙarƙashin ƙafar direba. Mutumin da ya san wannan ya san W123, babu tantama. Ya ba ni kiyasin kuɗi a rubuce, takarda ɗaya, layi kaɗan: walda, gyaran jiki, fenti gaba ɗaya, haɗawa. Ya ce a cire gilasai duka da robobi da ƙarafan ado kafin fenti, na ce haka nake so. Na ba da kafin alƙalami kusan rabin kuɗin. A ƙasan takardar akwai wani ɗan layi da ke cewa kiyasi ne, zai iya canzawa in an buɗe an ga abin da ke ciki, kuma wannan layin ban ga laifinsa ba har yanzu, domin babu mai gaskiyar da zai iya yanke maka farashin tsatsar da bai gani ba. Abin da muka yi da baki, a gaban mutum biyu, shi ne duk ƙarin da ya taso za a kira ni in zo in gani kafin a taɓa.

Bari in fara da abin yabon, don hakkinsu ne. Da aka kankare ƙasan motar aka ɓare baƙin shafin nan mai kauri da kamfani ke shafawa a ƙarƙashi, sai ga abin da ake gudu. Shi wannan shafin yana kare ƙarfe shekara da shekaru, amma da zarar ya ɗan tsage ruwa ya shiga bayansa to ya zama rufin asirin tsatsa, daga waje ka ga lafiya lau, ka danna da sukudireba ya wuce fit. Dattijon mai waldar, kowa a wajen Baba yake ce masa ni ma haka na bi, bai yi irin aikin da aka saba ba na ɗora faci a kan ruɓa a bi gefe da wuta. Yankewa yake har sai ya tarar da farin ƙarfe mai lafiya, ya yanko kwali ya fitar da siffar ramin, ya zana a kan sabon falle mai kaurin da ya yi daidai da na motar, wajen milimita ɗaya, ya lanƙwasa ya gwada ya rage ya sake gwadawa har sai facin ya zauna baki da baki ba tare da wani ya hau wani ba. Sannan waldar ma ba ja yake ba, ɗigo yake, nan ɗaya can ɗaya, ya bari ya huce ya dawo, don kada zafi ya murɗe fallen. Na tsaya na kalle shi yana wannan a ƙasan ƙofar baya, da ya gama ya goge ya ce in shafa da hannu in gaya masa inda haɗin yake, wallahi sai da na leƙa ta ciki kafin na gane. Ramukan jak ɗin kuma bai tsaya a fatar waje ba, ya buɗe ya sake gina ƙarfen cikin da ke ɗaukar nauyi, wanda shi ne ainihin aikin, kuma shi ne wanda babu mai gani in an rufe. Duk wanda zai kai mota wajen nan don Baba, ya kai.

Daga nan ne abubuwa suka fara karkacewa. Da Baba ya gama nasa ɓangaren sai aka tura motar lungu aka lulluɓe, kullum ka kira sai a ce wannan satin za ta shiga fenti, gafara sa dai muke ji ba mu ga ƙaho ba. Daga baya na fahimci yadda abin yake, kuma ba su kaɗai ba ne, yawancin garejin da ke haɗa aikin motocin haɗari da na tsofaffin motoci haka suke. Motar da aka buga jiya aikinta na kwana kaɗan ne, a canza bamba da madigadi a fesa a karɓi kuɗi, taka kuwa ɗaruruwan awoyi take ci kuma an riga an karɓi rabin kuɗinta, to wa kake ganin za a fara sallama? Matsalar ba jiran kaɗai ba ce. Ƙarfen da aka kankare in ba a rufe shi da firaimar epoxy, wato fentin farko mai hana tsatsa, da wuri ba, danshin iska kawai ya isa ya sa ya fara ja, kuma haka aka yi, wasu wuraren sai da aka sake bi da samfefa, kuma wannan sake bin ma a takardar kuɗina ya fito. Aikin da jinkirinsu ya jawo, ni aka ce in biya.

Ranar da aka ce in zo in ɗauka, motar tana tsaye a rana tana walƙiya, kalarta ta asali shuɗi mai duhu, lamba 904 yadda yake a ɗan farantin da ke gaban injin kusa da lagireto, kuma sun haɗa kalar daidai, wannan na ba su. Sai aka miƙo min takarda. Kuɗin ya kusa ninka kiyasin farko sau biyu. Ban yi ihu ba, na ce a ba ni bayani dalla-dalla, sai aka ce ai ga shi nan, alhali abin da ke rubuce shi ne ƙarin walda, ƙarin gyaran jiki, kayan aiki, sai wani layi wai sauran abubuwa. Babu awa nawa aka yi, babu nawa ne kuɗin awa, babu rasidin fenti ko na robobin da aka ce an saya. Kira kuma sau ɗaya tak aka yi min a kan ƙari, na ramin tayar safaya da ke cikin but, na zo na gani na amince. Sauran duk a ranar na fara jin labarinsu.

Na ce masa Maigida ba haka muka yi da kai ba. Ya ce Yallaɓai to da so kake mu ga ruɓa mu rufe? Ka ji irin amsar, mai daɗin ji, amma ba ita ce amsar tambayata ba. Ni ban ce kada a gyara ba, cewa na yi a nuna min, motata ce kuma aljihuna ne, wata ruɓar zan ce a yi yanzu, wata in ce a dakata sai na samu hali. Da ya ga na tsaya a kan bakana sai ya ce to motar ba za ta fita ba sai an cika, kuma in ta wuce sati zai fara lissafa kuɗin ajiya. A nan mutum ya yi hattara, don a dokokin ƙasashe da yawa mai gyara yana da damar riƙe abin da ya gyara har a biya shi kuɗin aikinsa, saboda haka zuwa da zafin kai ko ƙoƙarin fizge mota da ƙarfi kai zai jefa cikin matsala. Abin da ake jayayya a kai shi ne nawa ne halastaccen kuɗin, ba ko za a biya ba.

Sai na nemo wani mai duba jikin mota wanda ba shi da alaƙa da su, na biya shi kuɗin zuwansa, ya zo da ɗan abin auna kaurin fenti, ƙaramin abu kamar waya da ake dangwalawa a jikin mota ya nuna lamba. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikron 100 zuwa 150 yake (maikron dubu ne milimita ɗaya), motar da aka sake wa fenti za ta fi haka kuma ba komai ba ne. Ƙofofi da bonet da rufi duk lambobin sun yi kyau. Da ya zo kan bakin tayar baya ta dama sai abin ya haura 1000, ya matsa kaɗan ya ƙi ma karantawa gaba ɗaya. Ya ciro mayen ƙarfe ɗan ƙarami ya manna, a hagu ya kama daram, a dama ya sulale ya faɗi ƙasa. Muka cire kwalin cikin but muka haska tocila, sai ga tsohuwar tsatsa tana nan zaune, an bubbuga ta ciki an cika da bodi fila, ƙullun nan da ake shafa wa jikin mota kafin fenti, an lailaye. Kuma a takardar an caje ni sabon ƙarfe hagu da dama.

Fila ba haram ba ce a aikin nan, kada wani ya ruɗe ka. Duk motar da ka gani sumul an shafa mata siririn fila don cike ƴan ƙananan lotsawa, musamman mai duhun kala irin tawa da ba ta ɓoye komai, ɗan kwari kaɗan sai ka hango shi daga nesa. Amma shafi ne na milimita biyu zuwa uku a kan ƙarfe mai lafiya, ba abin toshe rami ba. Tana shan ruwa, in bayanta a buɗe yake danshi zai bi ta ciki, tsatsar ta ci gaba da cinta, bayan wani lokaci ka ga fenti ya fara ƙuraje, daga nan ya tsage, kuɗin fentin wajen gaba ɗaya ya tafi a banza. Da aka kira Baba ya duba sai ya girgiza kai kawai ya ce ni hagu na yi, dama ba a kawo min ba. Ashe lokacin da ake sauri a fitar da motar yaran shagon aka ba su ƙarasa.

Tunda an fara dubawa sai muka bi komai. Gilashin gaba an cire kamar yadda muka yi, na baya ba a cire ba, tef aka manna aka fesa, ga layin fenti nan a kan robar, in ka ɗaga ta da farce tsohon fenti na ƙasa, kuma ƙarƙashin robar gilashin baya na cikin wuraren da motar nan ke fara ruɓewa. Farin ƙarfen adon da ke zagaye gilashin gaba, wanda alminiyom ne kuma ƙa'idarsa a sa shi cikin roba tukuna sannan a ɗora gilashin, su sai da suka gama sa gilashi suka dawo suna dukansa ya shiga, duk ya lanƙwashe a kusurwa. Makullin ƙofofi kuma, na W123 da iska yake aiki, wasu siraran bututun roba ne suka bi ƙarƙashin kafet zuwa kowace ƙofa, wutar walda ta narka biyu ba wanda ya lura, ka murɗa makulli a ƙofar direba sauran ko gezau. Sai ƴan maƙalan da ke riƙe ƙarafan ado na gefe, da kusoshi, da murfin ramukan jak, duk an zuba su a bokiti ɗaya da na wasu motoci, wasu sun ɓace. Ƙananan abubuwa ne amma duk wanda ya taɓa neman kayan motar da aka daina yi tun 1986 ya san ƙaramin abu shi ya fi cin rai, akwai wanda kamfanin Mercedes-Benz har yanzu yake yi, wani sai a jikin matacciyar mota, na kasuwa kuma sau da yawa robar ba ta zama daidai.

Zaman sasancin da muka yi, ni da maigidan garejin da mai dubawar da kuma wani dattijo da mu biyun muke jin nauyinsa, abin da ya taimake ni hotuna ne da saƙonnin waya. Duk zuwan da na yi ina ɗaukar hoto, kuma akwai saƙon da na tura masa tun farko cewa duk ƙari a sanar da ni, ya amsa da to. Wannan to ɗin ta yi aikin da shaidun baki ba su yi ba, don su da aka tambaye su kowa sai ya fara kame-kame. A nasa ɓangaren shi ma ya kawo hujja, kuma dole in faɗa, wasu ƙarin na gaskiya ne. Ya nuna hotunan ƙasan kujerar baya da na bayan madigadin gaba da Baba ya gina, aiki ne da aka yi kuma motar na buƙatarsa, ban ji daɗin rashin sanar da ni ba amma ba zan ce a ba ni shi kyauta ba. Aka tsaya a kan zan biya wannan, a cire kuɗin ƙarfen dama da ba a sa ba, a cire na sake kankare tsatsar da jinkirinsu ya jawo, a soke layin sauran abubuwa da maganar kuɗin ajiya, su sake yin bakin tayar dama da hannun Baba, su cire gilashin baya su gyara, duk a kansu. Ni kuma in riƙe wani kaso sai an gama na duba. A ƙarshe abin da na biya ya fi kiyasin farko da wajen rabi, wanda a aikin tsatsa ba abin mamaki ba ne, da tun farko an bi da ni a hankali da ko musu ba za a yi ba.

Gyaran na biyu sun yi shi da kyau, kuma cikin lokaci, abin da ya nuna min dama can iyawa ba ita ce matsalar ba, sa ido ne babu. Mai fentin ya bi duk gefen har zuwa inda haɗin jiki yake maimakon ya tsaya a tsakiya, saboda haka babu bambancin kala. Fentin kansa irin mai haɗi biyu ne da ake zuba masa hadna, wato sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, ya kwanta sosai a saman, sai ƙasan ƙofofi da yake da ɗan gurje-gurje in ka duba a karkace, da wani ɗan zubi ƙarƙashin murfin tanki. Ba na gasa ba ne, na motar hawa ne mai kyau. Abin da ban yafe ba shi ne ba su fesa kakin hana tsatsa cikin kogon ƙasan ƙofofin ba bayan walda, alhali duk inda wuta ta taɓa ta ƙone kariyar da ke ciki, sai da na kai wani wajen aka yi min.

To wa zan ce ya je? In aikinka ƙarfe ne, ruɓaɓɓen ƙasa ko ramin jak ko gindin batir, je ka, amma ka ce Baba kake so kuma ka yi ciniki a kan wannan ɓangaren shi kaɗai. Kada ka ba su kwangilar mota gaba ɗaya a dunƙule. Raba ta gida-gida, kankarewa da kuɗinta, in an buɗe an ga gaskiyar abin sai a yi sabon kiyasi na walda, in an gama ka zo da mayen ƙarfenka ka bi motar tun tana tsirara kafin a shafa komai, sannan a yi maganar fenti. Kowane mataki ka biya bayan ka gani, ba kafin ba, kuma kada kuɗin da ke hannunsu ya taɓa fin aikin da ke jikin motar. A rubuta kuɗin awa, a rubuta iyakar ƙarin da za su iya yi ba tare da sun kira ka ba, a rubuta ko akwai kuɗin ajiya da ranar da yake farawa. Ƙarafan ado da fitilu da ƴan maƙalai kuwa in kana da hali cire abinka da kanka, ka zuba a leda ka rubuta sunan kowanne ka tafi da su gida.

In kuma kai mai yawan tafiya ne da ba za ka iya leƙawa a kai a kai ba, ko kana son ka ajiye makulli ka dawo ka tarar da mota ta gama, nemi wani wajen da tsofaffin motoci kaɗai suke yi, za su fi tsada a awa amma ba za a ture taka gefe don an kawo wadda aka buga da safe ba. Alminiyom ɗin gilashin gaban har yanzu ina neman mai kyau, sun yarda za su biya in na samo, kuma na sa sun rubuta sun sa hannu.